Shekarar da Nawal ta Zauna a Gidanmu

Ahmad, Maryam, abin da zan rubuta a nan kun san rabinsa, kuma rabin da kuka sani daga bakin wasu kuka ji shi. Kun san an haife ni a unguwar Ammariyya ta Jidda, a gidan da kakanku ya zauna tun zuwansa daga Sudan, kun kuma san cewa a Aziziyya kuka yi wayo, nesa da kakarku da 'ya'yan kawunku. Na sha gaya muku ƙuncin ɗaki ne ya fitar da mu. Ba haka ba ne. Ƙwallo ce ta fitar da mu, ita da wata yarinya mai suna Nawal. Shekaru sun wuce, gashina ya yi fari, amma har yau idan zan ambaci wannan shekara da baki sai in ji fuskata ta ɗau zafi. Shi ya sa na zaɓi rubutu.

Kawunku, Yaya Usman, shi ne mutum na farko da ya tsayar da ni a raga. Muna yara, yana tara abokansa a saman rufin gidanmu bayan la'asar, su ɗauki tsakanin tankunan ruwa biyu a matsayin raga. Babu wanda ke son tsayawa a wurin saboda simintin yana goge fata, sai ya kira ni. Ya ce ni ba na rufe ido idan ƙwallo ta taho. Na tsaya masa shekaru, har ranar da Inna ta hau rufin ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce na girma, in sauko. Na sauko, na yi aure, na haife ku, na kama aiki a mashgal, wato shagon ɗinki da kwalliyar mata. A can na haɗu da Abla Huda, wata malamar makaranta da ke kawo mana ɗinki. Wata rana almakashi ya suɓuce daga kan tebur na cafke shi a iska kafin ya faɗa kan ƙafarta. Ta yi dariya, ta tambaye ni ko na taɓa yin wasa. Ashe tana da ƙungiyar mata da ke buga ƙwallo a ɓoye, kuma ba su da gola. A lokacin na haura talatin. Babanku direban babbar mota ne, yakan yi kwanaki a hanya, kuma da na gaya masa bai ce komai ba illa in kula da yatsuna, tunda da su nake ɗinki.

Ku da kuka ga 'yan mata suna wasa a manyan filaye ba za ku gane yadda muke ba a wancan zamani. Muna hayar wata istiraha ce a kudu, kusa da unguwar da ake kira Madinar Masana'antu, gida mai doguwar katanga da ɗan fili na ciyawar roba a tsakiya. Maza ke da yamma da bayan magariba. Mu aka ba mu bayan azahar, lokacin da robar ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, iska kuma ba ta motsi sai warin masana'antu. Mai gadi yakan kulle mu daga waje ya tafi inuwa. Ɗakin canza kaya na maza ne, a rufe yake, mu a bayan bene muke sauyawa muna kare juna da abaya. Idan maza suka iso da wuri sai su dinga dukan ƙofa, mu tattara da gumi a jiki ko wasa bai ƙare ba. Abla Huda ba ta gajiya da zuwa wurin mai gidan tana roƙon a ba mu yamma ɗaya a mako. Kullum amsarsa ɗaya ce: mata ba su da yawa, kuma ba ya son magana. Duk da haka ban taɓa jin daɗin raina kamar yadda na ji a cikin wannan zafin ba. A filin babu wanda ke tambayar launin fatata ko irin takardar da ke jakata. Abin da ake tambaya shi ne ko na kama.

Nawal ce 'yar gabanmu. Bahaushiya ce kamar mu, haihuwar Jidda, tana jin Hausa sarai amma idan za ta mayar sai Larabci ya rinjaye ta. Iyayenta sun rasu tana ƙarama, tana zaune wurin gwaggonta, kuma iƙamarta, wato takardar izinin zama a ƙasar, a ƙarƙashin sunan mijin gwaggon take. Doguwa ce, siririya, muryarta da kauri, ta aske gashinta ya zama gajere saboda zafi. Tana tafiya da faɗin ƙafa, ba ta sa jan baki, kuma duk wanda ya aiko neman aurenta sai ta ce ba yanzu ba. Tun kafin in san ta, matan unguwa suna kiranta boya, kalmar da ake jifan yarinyar da aka ga tana kama da maza. Ita ba ta kula. Idan ta karɓi ƙwallo a tsakiyar fili sai ka ga kowa ya yi tsit, domin ba a san ta wace ƙafa za ta wuce ba. Tana kirana Yaya Kulsum, kuma ita ce ke tsayawa bayan an tashi tana buga mini ƙwallo don in saba da faɗuwa ta hagu, inda nake da rauni.

A wannan shekarar wata ƙungiyar mata ta zo daga Riyad don ta buga da mu, kuma saboda baƙi ne mai gidan ya yarda ya ba mu yamma a karon farko. Mata suka cika gefen fili, uwaye da ƙanne da ƙawaye. Nawal ta ci mana ɗaya. Ana dab da tashi aka ba su bugun fenariti. 'Yar wasansu ta buga ta hagu, na faɗi, na ji ƙwallon ta zauna a ƙirjina. Ban gama tashi ba Nawal ta iso da gudu ta rungume ni, ta riƙe kaina da hannu biyu ta sumbaci goshina. Abin da ya faru ke nan, ba ƙari ba ragi. Wata daga cikin masu kallo ta ɗauki hoto da waya. Ban san ko wace ce ba, kuma na daina son in sani. A hoton ba a ganin ƙwallo, ba a ganin raga, ba a ganin sauran 'yan wasan da ke tahowa. Mata biyu ne kawai babu lulluɓi, fuska dab da fuska.

Ban san hoton yana yawo ba sai a wani bikin suna a unguwarmu. Na zauna a gefen faranti kamar yadda na saba, sai matar da ke kusa da ni ta janye 'yarta ta mayar da ita ɗaya gefen. Na ɗauka wuri take gyarawa. Sai na lura babu hannun da ke zuwa kusa da inda nake ɗiba. Daga bayana wata ta ce, ba da ƙarfi ba amma yadda zan ji, ashe abin har da matan aure. Na ɗaga kai na hango Inna a can gefe tare da tsofaffi. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Ban taɓa ganin mahaifiyata ta sunkuyar da kai a cikin mata ba, ita da ake kira idan za a sasanta rigima. Ban yi laifin komai ba, na san ban yi ba, amma kunyar da ta rufe ni a wurin ba ta tambayi wannan ba. Na ji kamar an tuɓe ni a tsakar taron. Na wanke hannu na fita ban yi wa kowa sallama ba.

A lokacin muna zaune a benen sama na gidan Ammariyya, Inna a ƙasa, Yaya Usman da iyalinsa a tsakiya. Da Inna ta dawo ta hau har ɗakina, abin da ba ta cika yi ba saboda gwiwa. Ta zauna a bakin gado.

"Kulsum, na ga abin," in ji ta. "An nuna mini a waya, a gaban mutane."

"Inna, ƙwallo na kama. Murna take yi."

"Na sani. Ni na haife ki. Amma ba ni kaɗai ke da ido a unguwar nan ba. 'Yar madigo suke ce mata, yanzu kuma sun haɗa da ke. Da wace fuska zan je gaisuwa gobe?"

Wannan ne karo na farko da na ji kalmar daga bakinta, kuma da ta faɗe ta sai ta goge leɓenta da mayafi. Yaya Usman bai hau ba, aikowa ya yi in sauko. Shi shugaban ma'aikata ne a wani ɗakin ajiya a Madinar Masana'antu, kuma ya ce har a can wani ya miƙo masa waya yana murmushi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce mu baƙi ne a ƙasar nan ko da a nan aka binne cibiyarmu, kuma irin wannan magana idan ta kai kunnen da bai kamata ba, ba mutum ɗaya take ɗauka ba, gida take ɗauka. Ya ce in bar ƙwallo, in bar yarinyar, in bari ƙura ta lafa. Na tuna masa wanda ya fara tsayar da ni a raga. Ya ce lokacin yarinya ce ni, kuma ya yi nadama. Tsoronsa na gaskiya ne, ba zan ce ba haka ba. Yana da 'ya'ya mata da za a nema da aure, yana da kafili, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa a takardun zama, wanda ba ya son surutu. Amma na fito daga ɗakinsa ina jin kamar ni ce ƙazantar da aka shigo da ita gidan a tafin takalmi.

Na yi zaton a fili zan sami sauƙi. Da muka taru, Abla Huda ba ta fito da ƙwallo ba. Ta zaunar da mu a inuwar katanga ta ce mai gidan ya ji labari. Ya ce zai ci gaba da ba mu yamma, amma da sharaɗin kada ya ƙara ganin wadda ake magana a kanta. Wasu uwaye kuma sun ce za su cire 'ya'yansu. Abla Huda ta yi maganar idonta a ƙasa. Ta ce shekaru take wahala don mata su sami wannan ɗan wuri, ba za ta iya bari ya rushe saboda mutum ɗaya ba. Ta roƙi Nawal ta huta na wani lokaci. Sannan ta juyo gare ni.

"Ke babu damuwa, Kulsum. Kowa ya san ke matar aure ce, da 'ya'yanki. Za a manta."

"Ita fa, Abla?"

"Ita ma da za ta bar gashinta ya fito, ta saurari masu nemanta, da an manta."

Na dubi sauran. 'Yan matan da Nawal ta ci wa wasanni, waɗanda suka sha ruwa da ita a gora ɗaya, kowacce tana duban igiyar takalminta. Mu da muke kukan an ba mu rana an ba maza inuwa, ga shi mun sami wadda za mu tura rana. Nawal ta miƙe ta sa abayarta, ta ce halas, babu komai, Allah Ya ba da sa'a. Ta je ta buga wa mai gadi ƙofa. Na cire safar hannuna na ajiye a kan benci na bi ta. Kada ku ɗauka jarunta ce. Zama a cikin wannan shirun ne na kasa. Daga ranar ban ƙara tsayawa a raga ba.

Ba a daɗe ba maganar ta kai ga mijin gwaggon Nawal. Wata rana da hantsi na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe na ga Nawal da jaka ɗaya a kafaɗa, gefen fuskarta a kumbure. Mijin gwaggon ya ce ba za ta ƙara kwana a gidansa ba. Ta ce mini ba zama ta zo ba, tana so ne ta ajiye jakar kafin ta san inda za ta. Na san babu inda za ta. Na ja ta ciki, na shimfiɗa mata a ɗakinku. Kai Ahmad ka ba ta matashinka, wataƙila ba ka tuna ba. Kafin azahar matar Yaya Usman ta kwashe 'ya'yanta daga bene ta hana su hawowa. Da yamma Yaya ya tsaya a ƙasan matakala ya ce ko ta fita ko mu fita duka. Na ce ya jira babanku ya dawo.

Babanku ya iso bayan kwana biyu, da ƙurar hanya a jikinsa. Yaya Usman ya tare shi tun a ƙofa, ya nuna masa hoton. Ina tsaye a saman matakala. Ban ji tsoron saki ba kamar yadda na ji kunyar ya ga abin a hannun wani namiji. Ya daɗe yana duban wayar, sannan ya mayar masa.

"Yaya Usman, a ina yarinyar za ta kwana idan ta fita?"

"Wannan ba matsalarmu ba ce."

"Marainiya ce, kuma ta riga ta shigo ɗakina. Ba zan iya fitar da ita titi ba. Idan gidan ba zai ɗauke mu tare ba, zan nemi wani wuri."

Da ya hau sama bai tambaye ni komai game da hoton ba, ba a ranar ba, ba kuma har ya bar duniya ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ummu Ahmad, akwai ruwan wanka?" Cikin mako muka kwashe kaya zuwa wani ƙaramin gida a Aziziyya. Ranar da muke lodi, tagogin unguwa duk a buɗe suke kaɗan. Inna ba ta fito ba. Na tsaya a ƙofar ɗakinta na yi sallama, ta amsa daga ciki, amma ba ta ɗaga labule ba.

Nawal ta zauna da mu kusan shekara. Ta koyi riƙe allura, tana taya ni ɗinkin da nake karɓa a gida, domin mashgal ɗin ma sun ce in ɗan huta. Ita ke kai ku makaranta, ita ta koya wa Maryam ɗaure takalmi. A cikin gida muna lafiya. Waje ne ke da wuya. Duk lokacin da muka fita kasuwa tare, idan na hango wata Bahaushiya daga nesa sai in ja mayafi in rufe rabin fuska. Ban taɓa ce mata ta ja baya ba, amma jikina yana faɗin abin da bakina bai faɗa ba, kuma Nawal mai karanta motsin jiki ce, da shi take wuce masu tsaron baya. Sannu a hankali ta fara cewa kanta na ciwo idan za a fita. Duk wanda ya tare ni da maganar kuwa, amsata ɗaya ce. Ina rantsuwa cewa ƙarya ne, sharri aka yi mata, yarinyar kirki ce. Na yi wannan rantsuwa a gaban maƙwabta, na yi ta ta waya ga dangi, na yi ta tana ji daga ɗaya ɗakin.

Wata rana muna tsince shinkafa a tire, ku kuna makaranta, sai ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Yaya Kulsum, kullum kina rantsewa ƙarya ne. Ba ki taɓa tambayata ba."

"Ba sai na tambaya ba."

"To, idan da ba ƙarya ba ne fa? Da kin buɗe mini ƙofa?"

Duk abin da aka koya mini tun ina yarinya ya tsaya a gefe ɗaya, yarinyar da ke zaune a gabana da ɗan tabo a gefen ido ta tsaya a ɗaya gefen. A lokacin na gane cewa duk kariyar da nake ba ta a kan sharaɗi take, kuma ta daɗe da ganin sharaɗin. Ashe kowace rantsuwa tawa tana gaya mata cewa idan abin da ake faɗi gaskiya ne, to dukan da aka yi mata daidai ne, korar ma daidai ce. Daga ƙarshe na ce mata ban san amsar manyan tambayoyi ba, wannan tsakanin bawa da Ubangijinsa ne, amma na san babu abin da zai sa in ga ya dace a kumbura mata fuska a jefa ta titi, kuma shimfiɗarta tana nan ko mene ne. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da tsince shinkafa. Ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba, ni ma ban ƙara tambaya ba. Idan kuna jiran in gaya muku a nan, ba ni da abin faɗi, kuma da ina da shi ma ba nawa ba ne. Daga ranar dai na daina rantsuwa. Wanda ya tambaye ni sai in ce baƙuwata ce.

Abin da Yaya Usman ya ji tsoro bai faɗa kan gidansa ba, a kanta ya faɗa. Iƙamarta ta ƙare, mijin gwaggon ya ƙi sabuntawa. Babanku ya je ya roƙe shi har gida, ya ƙi fitowa. Babanku ya nemi ya mayar da ita ƙarƙashin sunansa, aka ce ba 'yarsa ba ce, shi ma kuma a ƙarƙashin kafili yake. Na je wurin Abla Huda, wadda ta san mutane. Ta karɓe ni da shayi, ta yi hawaye, ta ce hannunta a ɗaure yake. Ya zama ko Nawal ta zauna a ɓoye tana tsoron kowace ƙwanƙwasa, ko ta tafi Sudan, ƙasar da ke rubuce a fasfonta amma ba ta taɓa taka ta ba. Ta zaɓi tafiya. Ta ce ta gaji da zama a ɗaki.

Da safiyar ranar da za ta hau jirgin ruwa zuwa Sawakin, aka buga ƙofa a hankali. Inna ce, ita kaɗai, ta rufe fuska ruf kamar ba ita ba, tana haki saboda matakala. Tun da muka tashi ba ta taɓa zuwa ba. Ta ƙi zama. Ta miƙa mini ƙulli mai ɗauke da soyayyen nama da dabino da garin kunu, ta ce a kira mata yarinyar. Nawal ta fito ta durƙusa ta gaishe ta. Inna ta daɗe tana kallonta, sannan ta yi mata magana da Hausa a hankali don ta gane.

"Wa kika sani a can?"

"Babu kowa, Hajiya."

"Idan kin sauka, ki nemi motar Kasala. Ki tambayi unguwar Hausawa, ki ce gidan Ta Annabi mai ƙosai. Ƙanwata ce, ba ta da ɗa a gabanta. Na yi mata waya. Na ce mata 'yata ce ke zuwa."

Nawal ta kama hannunta ta kifa fuska a kai. Inna ta bar mata hannun. Da za ta fita sai ta juyo ta ce mini, ƙasa ƙasa, kada Usman ya ji ta zo, kada kowa a unguwa ya ji. Ta sake rufe fuska, ta leƙa matakala ta tabbata babu kowa, sannan ta sauka. Na tsaya a taga ina kallonta tana bin gefen bango kamar wadda ta yi sata. Wannan hoton ya fi wancan na waya ci mini rai. Mace mai daraja kamar Inna ta yi abin da ya fi komai kyau a wannan shekarar, kuma dole ta yi shi a ɓoye, alhali waɗanda suka janye hannu daga faranti a gaban kowa suka yi nasu. Ni ma ban fi ta ba. Duk mun ji kunyar abin da bai kamata a ji kunyarsa ba.

Mun raka Nawal tashar jirgin ruwa ni da babanku. Ba ta yi dogon bankwana ba. Ta ce in gaishe ku idan kun taso, ta ɗauki jakarta da ƙullin Inna, ta shiga layi. Ta fi duk matan da ke layin tsawo, don haka na daɗe ina hango kanta kafin ta shige.

Ni da kawunku mun koma gaisawa bayan rasuwar Inna, amma bai taɓa ambatar wannan shekara ba, ni ma haka. Ba na so ku riƙe shi a zuciya. Ƙungiyar Abla Huda ta ci gaba, ta girma, an ce har ta sami rajista daga baya. An taɓa gayyatata wani taronsu na tunawa da 'yan wasan farko, na tambaya ko za a ambaci Nawal, aka ce za a duba. Ban je ba.

Nawal ta isa Kasala. Ta zauna da Gwaggo Ta Annabi, ta karɓi kaskon ƙosan lokacin da hannun tsohuwar ya fara rawa, ta yi jinyarta, kuma a kan cinyarta ta cika. Yanzu Hausarta ta fi taku. Ba ta yi aure ba. Muna magana idan layi ya yi kyau, takan tambaye ni ko Ahmad ya daina tsoron kyankyaso. Ban ƙara ganinta ido da ido ba, kuma da ciwon da nake fama da shi yanzu ban sani ba ko zan gani. Allah Ya yafe mana abin da muka gaza, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ku kuma, idan Allah Ya kai ɗayanku Sudan, ku nemi gidan. Ku je da rana tsaka, lokacin da maƙwabta ke zaune a waje. Idan an tambaye ku wa kuke nema, ku ce 'ya'yan Kulsum ne daga Jidda, kun zo gaida gwaggonku Nawal.